TARKEN WASAN KWAMFUTA A MATSAYIN ƘAGAGGEN LABARI: NAZARIN PATHWAYS INTO DARKNESS

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin adabi ya saba ɗora ƙagaggen labari a kan ma'aunin jigo, da zubi da tsari, da salo. Wannan takarda za ta gwada waɗannan ma'aunai a kan wani wasan kwamfuta mai suna Pathways into Darkness, wato hanyoyin shiga duhu. Manufar ita ce a nuna cewa wasan ya cancanci tarke, domin harshe ne ƙashin bayan labarinsa, duk da yawan harbe-harben da ke cikinsa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kamfanin Bungie, wanda a lokacin yake birnin Chicago a Amurka, shi ne ya fitar da wasan a watan Agusta 1993, domin kwamfutar Macintosh. Jason Jones ne ya tsara shi, Colin Brent kuma ya yi zane-zanensa. Yana cikin rukunin wasannin da mai wasa yake kallon duniya ta idon tauraro, ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa. Wolfenstein 3D na 1992 ya riga shi fitowa, Doom kuwa ya biyo bayansa a Disambar 1993.

3.0 Jigo

Babban jigon wasan shi ne tafiya domin kawar da bala'i. Wata halitta da ta yi miliyoyin shekaru tana barci a ƙarƙashin wata dala a yankin Yukatan na ƙasar Meziko tana gab da farkawa. Aka tura rukunin sojojin Amurka su dasa bam ɗin nukiliya kusa da ita. Laimar tauraro ta ƙi buɗewa daidai, ya faɗo ya suma. Da ya farfaɗo ya tarar abokansa sun shige ciki, shi kuwa ya manta abubuwa da dama, ga shi kwana biyar suka rage. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba zai ji wannan jigo baƙo ba, domin a can ma tauraro ya bar gida ne neman abin da zai magance wata cuta. Sai dai Alhaji Imam da wayo da raha yake tafiya, wannan soja kuwa da tsoro da kaɗaici.

4.0 Zubi da Tsari

An raba fuskar kwamfuta zuwa tagogi: ta kallon hanya, da ta kayan da ke hannu, da ta saƙonni, da ta lafiyar tauraro. Lokaci ma yana cikin tsarin. Idan tauraro ya huta rauninsa zai warke, amma agogo yana ci gaba da tafiya, kuma dodanni kan iya far masa. Haka nan labarin yana da ƙarshe fiye da ɗaya, gwargwadon abin da mai wasa ya aikata. A nan ne wasa ya sha bamban da littafi, inda marubuci kaɗai ke yanke hukunci.

5.0 Salo da Sarrafa Harshe

Wannan ne fagen da wasan ya fi yin fice. Babu mai ba da labari da ke warware komai. Tauraro yakan sami wani dutse mai ruwan ɗorawa wanda ke ba shi damar magana da gawarwaki, cikinsu har da sojojin Jamus da suka shiga dalar a 1938. Mai wasa yakan rubuta kalma ɗaya, gawa ta amsa, sai ya tsinci wata kalmar daga amsar ya sake tambaya. Kowane mamaci iyakar abin da ya gani kafin ajalinsa ya sani, don haka dole a haɗa maganar wannan da ta wancan. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, to a nan wanda bai iya zaɓen kalma ba ya ɓata ke nan.

6.0 Naƙasu

Wasan yana da tsanani ƙwarai, harsashi ba shi da yawa a farko, kuma ba a adana ci gaba sai a keɓaɓɓun wurare. Naƙasun da ya fi wannan girma shi ne na kallon baƙuwar ƙasa. Yukatan mazaunin al'ummar Maya ne, amma labarin ya mai da ita gidan dodanni, baƙi kuma su ne masu magana. Ɗalibi a Tamale ko Kano ya san irin wannan hoto daga finafinan da ke nuna Afirka a matsayin daji kawai.

7.0 Kammalawa

Dalilai biyu suka dusashe sunan wasan. Na farko, masu Macintosh ba su kai masu sauran kwamfutoci yawa ba. Na biyu, saurin Doom ya zama ma'aunin wannan rukuni, aka mai da labari baya. Bungie kuma ya shahara daga baya da Marathon a 1994 da Halo a 2001, suka rufe wansu. An sake fitar da wasan kyauta a 2013. Abin da ya rage ga ɗalibi shi ne ya gwada tsara hira irin wannan da Hausa, ya lura da kalmomin da za su buɗe labari, da kuma yadda zai yi da jinsi da jam'i idan mai wasa ya rubuta "soja" a inda aka tanadi "sojoji".