Mashayin Fim Yana Tafe a Ƙasa, Namu Yana Riƙe da Sitiyari

Akwai wani direban babbar mota da ya saba kirana a shirin gaishe-gaishe na daren Alhamis. Hanyarsa ita ce ta Garwa-Bulai zuwa Bangi, kusan kilomita 600, wadda ta nan ne yawancin shinkafa da fulawa da simintin da ake sayarwa a kasuwanninmu ke shigowa daga Duwala. Waƙarsa ɗaya ce kullum, Bawa Direba ta Alhaji Mamman Shata. Wani dare ya kira yana dariya, ya ce kwanansa biyu bai runtsa ba, amma ga shi ya wuce shingen PK12 lafiya lau. Ni kuma da bakina, duniya tana saurare, na ce masa namijin duniya, na saka masa waƙarsa. Sai da kalangu ya fara tashi na tambayi kaina me ya riƙe wa wannan bawan Allah ido har kwana biyu. Na san amsar, kowa a Kilomita Biyar ya san ta. Ana sayar da ita a kan tebur, kusa da maganin ciwon kai.

Tun daga ranar na fara kallon finafinan da muke kallo da wani ido daban. A nan Kokoro fim ɗin Kano ba baƙo ba ne: ana tura shi a waya, ana kallon Arewa24 a gidajen da ke da tauraron ɗan Adam, matasa na bin masu dogon zango a YouTube in an samu data. Abin da na gano shi ne, finafinanmu suna da mashayi, suna da haɗarin mota, amma da wuya ka ga sun haɗa su a labari ɗaya.

Mu fara da mashayin. Kowa ya san shi tun kafin ya buɗe baki. Hula a karkace, riga a ɓalle, murya tana ja, yana tangaɗi yara na binsa da ihu. Aikinsa biyu ne, ko ya ba mu dariya ko a yi wa'azi a kansa. Kuma a ƙasa yake tafe, iyakar ɓarnarsa ya faɗa kwata. In kuwa ɗan masu kuɗi ne, to fitowar tana farawa ne daga lokacin da mai gadi ya buɗe ƙofa, mota ta shigo gida da tsakar dare, yaro ya fito yana layi. Hajiya tana falo tana jira. Za ta yi masa faɗan zubar da mutuncin gida, faɗan sallar asuba, faɗan abokan banza. Ban taɓa jin wata Hajiyar fim ta tambaye shi wa ya tuƙo motar ba, ko mutum nawa ya wuce a titi a wannan hali. An yanke hanyar daga labarin, an bar mana ƙofar gida kawai, kamar laifin ya fara ne daga inda uwa ta gani.

Shi kuma haɗarin mota a fim ɗin Hausa, kayan aikin marubuci ne. In ana son a kawar da miji don matar ta auri tsohon saurayinta, sai haɗari. In ana son jaruma ta manta kowa, sai haɗari. Kyamara ta girgiza, a ji ƙarar birki, sai gadon asibiti, likita ya fito yana cire tabarau ya ce sai haƙuri. Haɗarin ba shi da sanadi. Ba gudu, ba gyangyaɗi, ba abin da direba ya haɗiya a tasha. In ma an ba shi sanadi, to kishiya ce ta je wurin boka ko wani ya kwance birki. Na san uzurin masu shiryawa: motar aro ce, ba wanda zai yarda a fasa masa ita, kuma kasuwar fim ba ta mayar da kuɗi. Na karɓi wannan game da nuna karon kansa. Amma nuna direba yana kora ƙwaya biyu da shayi kafin a yi lodi daƙiƙa goma ne, kuma ko sisi ba zai ci ba.

Abin da mai kallo ke ɗauka daga nan, shekara da shekaru, shi ne maye yana da kama, kuma kamarsa kwalba ce da tangaɗi. A Kano, inda Hisba ke tara kwalaben giya tana bi ta kansu da motar daddanna hanya, wannan hoto ya dace da abin da ido ya saba gani. A Bangi ya ma fi dacewa, don giyar Mocaf a fili ake shan ta a mashaya, mu kuma na Kilomita Biyar muna jin daɗin cewa wannan matsalar wasu unguwanni ce. Alhali yaron da ya ɗauko ka a taksi-moto, wanda ba ya wari, ba ya layi, yana gaishe ka da ladabi, mai yiwuwa ya karya kumallo da tramol.

Ita tramol magani ce ta rage zafin ciwo, dangin su mofin. Likita yana rubuta mai miligram 50 ko 100, kuma ba a son babban mutum ya wuce 400 a yini. Ta kasuwa kuwa akwai mai 200, da 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Tana sa jiri da gyangyaɗi, tana rage saurin da mutum ke taka birki in abu ya gifta, kuma in ta yi yawa tana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba gargaɗi. Binciken da Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Masu shanta a tasha ba sa kiran kansu mashaya. Maganin aiki suke kiranta, maganin gajiya. Wanda ya sha ta ya kwana yana tuƙi, ƙwazonsa ake yabawa.

Na taɓa hawa bayan wani yaro a titin Kuduku da la'asar. Yana ta ratsa tsakanin motoci, kansa yana ɗan sunkuyawa yana ɗagowa kamar mai jin karatun dare. Na gane abin da ke faruwa tun kafin mu yi nisa. Ban ce ya tsaya ba. Kunya na ji, kada ya ce na raina shi, ko na zarge shi da abin da ba zan iya tabbatarwa ba. Na yi ta salati a zuci har muka isa, na biya shi, har da cewa Allah ya ba da sa'a. Ni da nake magana da dubban mutane duk mako, ban sami jimla ɗaya da zan faɗa wa yaro ɗan shekara ashirin ba, domin ban taɓa jin wani ya faɗe ta ba, ko a fim ko a zahiri.

Ba zan ce Kannywood ta rufe ido ga ƙwaya gaba ɗaya ba. Shirin A Duniya, na su Tijjani Asase da Daddy Hikima, ya shigo da kallo cikin lungu da kango, ya nuna shaye-shaye da daba ba tare da kwalliya ba, kuma matasanmu sun bi shi har suna kiran junansu Abale. Sai dai a nan ma ƙwayar tana hannun ɗan daba ne, mai wuƙa a ƙugu, wanda mai kallo zai ce ai ba ni ba ne, ba ɗana ba ne. A 2024 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana shirya finafinan da ke nuna daba. Na fahimci damuwarta, amma ina tsoron abin da marubuta za su koya daga nan shi ne su guji batun maye ɗungurungum, sai mu koma ga mashayin ban dariya.

Waƙa kuwa tata hanyar daban ce, kuma a nan ne laifina yake. Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa direbobi waƙa, ya kuma yi A Sha Ruwa, wadda kowane babba ya san ruwan da ake nufi. Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota tasa. Ba na tuhumarsu da komai. Sun rera zamaninsu, lokacin da direba shi ne mai ganin duniya ya dawo da labari. Mu ne muka gaji yabon muka zuba masa ma'auni guda: direban kirki shi ne wanda ya fi gudu, ya fi jure rashin barci. Duk mai gabatar da shirin zaɓe ya san irin kirarin da yake yi wa masu kira daga hanya. Ban taɓa jin ɗayanmu ya yi wa wani kirari don ya tsaya ya kwana a Bosambele ba.

Amurkawa sun taɓa zama inda muke. Har zuwa shekarun 1970, mashayi a bayan sitiyari abin dariya ne a finafinansu. A 1988 wani malami a jami'ar Harvard, Jay Winsten, ya bi marubutan shirye-shiryen talabijin na Hollywood yana roƙonsu abu ƙarami. Bai ce su yi fim ɗin wa'azi ba. Cewa ya yi su riƙa saka jimla ɗaya ko biyu inda abokai za su ware mutum guda da ba zai sha ba, shi zai mayar da kowa gida. Dabarar daga ƙasashen arewacin Turai ya aro ta. Cikin shekara huɗu ta fito a shirye-shirye sama da 160, ciki har da Cheers, kuma zuwa 1991 sunan wannan direba ya shiga ƙamus. Ba talabijin kaɗai ta rage musu mace-mace ba: akwai ƙungiyar iyaye mata ta MADD tun 1980, akwai dokar 1984 da ta sa shekarun sayen giya suka koma 21. Abin da talabijin ta yi shi ne ta ba mutane abin faɗa, ta cire masa kunya.

Tasu dabarar ba za ta zauna mana daidai ba, don mu ba ma fita shan giya rukuni-rukuni da mota. Mutanen da labarinmu ke buƙata su ne fasinjan da zai ce sauke ni a nan, da karen motar da zai ɓoye makulli, da matar direba da ta tsinci fakiti a aljihun riga tana wanki. Sama da su duka akwai mai babur ko mai mota, Alhajin da ya yanka wa yaro kuɗin da zai kawo kullum, adadin da ba ya samuwa sai an yi awa goma sha shida a titi. Wannan Alhajin yana cikin finafinanmu, amma kullum a matsayin mai taimakon marayu.

Labarai sun yi nasu. Rahoton BBC kan kodin ya fita a ƙarshen Afrilun 2018, washegari gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A 2025 wani rahoton nasu ya bi sawun ƙwayoyin da suka maye gurbin tramol har masana'antarsu a Indiya. Rahoto yana iya motsa minista cikin kwana ɗaya, amma ministan ba ya zaune a bayan babur, kuma wanda ke zaune a can fim yake kallo da daddare.

Direban nan ya sake kira bayan mako uku. Kafin ya nemi waƙarsa na tambaye shi, cikin raha, a ina ya kwana jiya. Ya yi shiru kaɗan, ya yi dariya, ya ce Malam yau kuma jandarma ka zama? Na ce a'a, tambaya ce kawai. Ya ce a saka masa Bawa Direba, ya kashe waya. Na saka masa. Kafin waƙar ta ƙare saƙo biyu sun shigo: ɗaya ya ce na ci fuskar mai saurare, ɗaya kuma daga wata mata ce, ta ce in sake yi wa mijinta wannan tambayar in ya kira, ta faɗi sunansa da motar da yake ja.