Hausar Wikipedia: Wa Ke Bin Bayan Mai Rubutu?

Yau ba darasin nahawu na zo da shi ba, sharhi ne, kuma wata ɗalibata ce ta jawo shi.

Makon jiya na ba 'yan SS 2 aikin gida, kowa ya rubuto taƙaitaccen bayani a kan garinsu. Na ja musu kunne kamar yadda na saba: kada wanda ya kwaso min Hausar intanet. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai an ce kowa na iya gyara Wikipedia. In Hausar ba ta yi muku ba, mi ya hana ku malamai ku gyara?" Aji ya yi tsit, ni ma na yi tsit. Shekara da shekaru ina hana yara abu, ban taɓa zama na karanta shi da idon malami ba, balle in sa masa hannu. Shi ya sa na ɗauki kwanaki ina karanta muƙalu iri-iri, na garuruwa, na mutane, na kimiyya. Ga abin da na fito da shi.

YABON GWANI

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, kuma yau ana rubuta ta da harsuna sama da 300. Hausa na ciki. Masu rubutun 'yan sa-kai ne: ɗalibai, ma'aikata, masu sana'a, da datarsu da cajin wayarsu. Akwai ƙungiyar Hausa Wikimedians User Group da ke shirya horo da zaman gyara a garuruwan Arewa. Duk wanda ya san yadda wuta da kuɗin data suke a ƙasar nan ya san wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Na ci karo da muƙalu masu daɗin karatu, waɗanda da ka ji ka san Bahaushe ne ya zauna ya yi tunani da Hausa. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, gyara kayanka ne.

Jimlolin da zan kawo ni na gina su a kan salon abin da na yi ta gani, don kada a ce na nuna wani da yatsa.

NA ƊAYA: ƘUGIYA

Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa. Ana rubuta k a gurbin ƙ, d a gurbin ɗ, b a gurbin ɓ. Wasu na cewa ai mai karatu zai gane. Bahaushen da ya girma da harshen zai gane, amma kundin sani ba don shi kaɗai aka yi ba. Duba wannan:

"An yi fada a fada."

Faɗa aka yi a fadar sarki, ko kuwa? Haka "baki sun cika gari": baƙi ne, ko baki? Haka kafa da ƙafa, kara da ƙara, bari da ɓari. Rubutunmu bai nuna tsawon wasali, bai nuna karin sauti. Ƙugiyar nan na cikin 'yan abubuwan da suka rage wa mai karatu ya riƙe, in aka cire ta an bar shi da canki-canka. Kuma ba jiya aka fara maganar ba. Tun 1912 Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko, aka zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980. Yau akwai allon rubutu na waya mai ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ kyauta. Uzuri ya ƙare.

NA BIYU: HAƊAWA DA RABAWA

Masu bibiyar darussanmu sun san wannan karatun, amma ga shi ya bi mu har cikin kundin sani:

Kuskure: shine, itace, yace, ya na, zata, ma su
Daidai: shi ne, ita ce, ya ce, yana, za ta, masu

"Itace babbar kasuwa" na nufin kasuwar icce ce babba, in ma jimlar ta tsaya. "Zata" aikatau ne, daga zato. "Akan kawo albasa" daban, "a kan albasa" daban: na farko sabo ne, na biyu wuri ko batu. Ɗalibin da ya rubuta "shine" a jarrabawar WAEC ko NECO maki zai rasa. To in ya buɗe kundin da ake ce masa na ilimi ne ya ga "shine" a layin farko, wa zai bi, malaminsa ko waya?

NA UKU: JINSI

Hausa ba ta wasa da jinsi. "Jega ta shahara da kasuwa", amma "garin Jega ya shahara da kasuwa". "Kebbi jiha ce", ba "jiha ne" ba. "Babbar kasuwa", ba "babban kasuwa" ba. Inda abin ya fi muni shi ne tarihin rayuwar mata. Sai a fara da "an haife ta", layi na uku a ce "ya yi karatunsa", layi na biyar a koma "ta auri". Babu Bahaushen da zai yi wannan da bakinsa, ko yaron firamare. In ka ga haka, ka san na'ura ce ta fassara, mutum kuma ya danna "wallafa" bai karanta ba.

NA HUƊU: TURANCI CIKIN RIGAR HAUSA

Wannan ne ya fi damuna, domin kalmomin duk Hausa ne amma ginin ba namu ba ne.

Kuskure: Littafin an rubuta shi ta Abubakar Imam.
Daidai: Abubakar Imam ne ya rubuta littafin.

Kuskure: Ya yi gudu don kujerar gwamna.
Daidai: Ya tsaya takarar gwamna.

Kuskure: Garin yana zaune a bankin kogin Zamfara.
Daidai: Garin yana bakin gulbin Zamfara.

Kuskure: Aliero sananne ne ga masu saita ƙashi.
Daidai: Aliero ta yi suna wajen ɗori.

Ku lura da ta farko. Hausa na da "an rubuta", amma "an" ɗin nan don ɓoye mai aiki aka yi ta. Ba a cewa "an yi" sannan a jawo mai aikin da "ta". In ka san wanda ya yi, sa shi a gaba. Ta ƙarshe kuwa, duk wanda ya taɓa kai mai karaya Aliero ya san maɗori ake nema. Kalmar tana nan da ranta, na'ura ce ba ta san ta ba.

Tushen matsalar ba ɓoyayye ba ne. Google Translate ya sa Hausa a jerin harsunansa a Disamba 2013. A 2015 Wikipedia ta fito da manhajar fassara wadda ke ɗauko muƙala daga wani harshe, na'ura ta yi zubin farko, mutum ya gyara. Manhajar ba laifinta ba ne, an ce zubin farko. Amma wasu sun mai da zubin farko na ƙarshe. Abin lura, Wikipedia ta Ingilishi ta kashe fassarar na'ura a cikin wannan manhaja ga masu fassarowa zuwa Ingilishi. Masu harshen da na'ura ta fi ƙwarewa a kai ba su yarda da ita ba, mu da take ɗingishi a namu mun sakar mata linzami.

NA BIYAR: KIRARI

Wannan kuskuren ba na na'ura ba ne, namu ne, mu da muka iya Hausar. Mun saba in za a ambaci babba sai an yi masa kirari: haziƙi, gwarzo, namijin duniya, wanda babu kamarsa. A taron biki wannan ado ne. A kundin sani kuwa ƙa'ida ita ce a faɗi abin da ya faru, a nuna inda aka samo shi. "Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci hukumar zaɓe ta INEC daga 2010 zuwa 2015" magana ce da kowa zai iya bincikawa. "Gwarzon da ya ceto Nijeriya" ra'ayi ne, ko da kai ka yarda da shi. Hausa na iya bayani ba tare da zuga ba, sai dai mu ne ba mu cika horar da ita a kan hakan ba.

ME YA SA ABIN YA WUCE WASA?

A Agusta 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda bai iya harshen Scots na ƙasar Skotland ba, shi ya rubuta muƙala sama da 20,000 a Wikipedia ta wannan harshe. Ingilishi yake ɗauka ya sauya wa kalmomi kama. Da kyakkyawar niyya ya yi, kuma ya shekara da shekaru yana yi. Sai da abin ya fashe sannan suka taru suna zaman gyara. A Filifin kuma, Wikipedia ta harshen Cebuano na da muƙala sama da miliyan 6, ita ke bin ta Ingilishi a yawa, amma mafi yawansu wata manhaja ce mai suna Lsjbot ta zuba su. Yawa ke nan ba auki.

Ga kuma inda ya shafe mu kai tsaye. Na'urorin fassara da manhajojin da ke amsa tambaya da Hausa daga rubutun intanet suke koyo, kuma Wikipedia na cikin manyan rijiyoyin da suke sha. In na'ura ta yi gurguwar fassara, aka wallafa ba gyara, gobe wata na'urar za ta koyi gurguwar a matsayin Hausa, ta mayar wa yaranmu. Haka za a yi ta zagaye har "an rubuta shi ta wane" ya daina yi wa kunne nauyi.

INDA NI MA NAKE DA JA DA ƘA'IDAR

Wikipedia na neman madogara da aka buga: littafi, jarida, mujalla. Dalilin a fili yake, don kada kowa ya zo da tatsuniyarsa. Amma wannan na danne irinmu. Yawancin abin da aka sani game da noman albasar Aliero, ko kasuwar Jega, ko ƙauyukan Maiyama, yana bakin dattawa ne. Duk da haka ba komai ne babu a rubuce ba. Labarin Abdussalami da harin da Gobirawa suka kai Gimbana, nan kusa da mu, gab da hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, yana cikin littattafan tarihin jihadi. Bikin kamun kifi na Argungu UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Jihar Kebbi an ƙirƙiro ta ranar 27 ga Agusta, 1991. Ga jami'a a Aliero, ga kundayen digiri jibge a sassan Hausa da tarihi a Sakkwato. Me ya sa za mu fi saurin fassara tarihin wani ƙauye a Faransa fiye da rubuta namu?

Sai batun karin harshe. Mu nan muna cewa "yat tahi", "shina zuwa", "wanga". A kundin sani daidaitacciyar Hausa ake bi wajen ginin jimla, don na Kano da na Maraɗi da na Kumasi su karanta abu guda. Amma kalmomin sana'a, irin su homa ta masunta, a shigo da su a yi musu bayani. A nan karin harshe arziki ne.

ABIN YI

1. Kada mai fassara ya zama shi ne mai dubawa. Ka gama, ka ba wani ya bi baya kafin ka ɗauko wata.

2. Karanta muƙalar da ƙarfi ga wanda bai ji Turanci ba, ko innarka ce. In ta ce "mi kac ce?", koma ka sake.

3. Masu shirya gasa, a riƙa ba mai gyara maki kamar mai ƙirƙira. In yawan muƙala kaɗai ake ƙirgawa, yawa za a samu.

4. A ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, kusa. In kalma ta yi gardama a duba Bargery na 1934.

5. Kowace muƙala na da shafin tattaunawa da shafin tarihin gyara. In ka gyara wa mutum, rubuta dalili a taƙaice, cikin ladabi. Ɗan sa-kai ne, in ka kunyata shi ya tafi, an yi asarar hannu.

6. Malaman Hausa, mu daina tsayawa a bakin gulbi muna cewa ruwan ya gurɓace. Maɓallin "Gyara" na nan a saman kowace muƙala.

Ni dai na fara. Daren jiya na gyara muƙala uku, ƙugiya da rabon kalma kawai, bai ɗauke ni minti 20 ba. Ranar Litinin zan gaya wa ɗalibar nan cewa ta fi ni gaskiya, kuma aikin gida na gaba shi ne kowa ya nemo jimla biyar masu rauni, ya kawo gyaransu da dalili.

Ku ma ku gwada wannan, ku faɗi kurakurai nawa ke ciki: "Maiyama karamar hukuma ne a jihar Kebbi, an san shi ta manoma da suke noma shinkafa akan fadama."

Inda na yi kuskure a gyara min. Allah ya sa mu dace.

Daga Sabon Garin Jega.