Matsayin Ƙirgau a Rashanci da Holanci: Sharhi a Kan Ra'ayin Corbett

A shekarar 1978 ne Greville Corbett ya buga wata maƙala a mujallar Lingua, inda ya kawo ra'ayin cewa matsayin ƙirgau a nahawu yana tsakanin sifa da suna, kuma gwargwadon girman adadi, gwargwadon kusancinsa da suna. Da Rashanci ya kafa hujja, kuma a nan hujjar tana da ƙarfi ainun. Dubi waɗannan misalai:

(1) odin stol 'tebur ɗaya'
(2) dva stola 'tebur biyu'
(3) pjat' stolov 'tebur biyar'

A misali na (1) ƙirgau ne ke bin suna a jinsi, tamkar kowace sifa, shi ya sa ake cewa odna kniga 'littafi ɗaya'. Daga 2 zuwa 4 kuwa ƙirgau ne ke sa suna ɗaukar sigar mallaka ta tilo, wadda ɓurɓushi ce ta tsohuwar sigar tagwaye da harshen ya yar. Daga 5 zuwa 20 sai mallaka ta jam'i. Million kuma suna ne sak.

Sai dai idan aka ɗora Holanci, wato harshen ƙasar Holan, a bisa wannan ma'auni, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Tafiyar twee 'biyu' da twintig 'ashirin' ɗaya ce. Sai a een miljoen kaɗai ake jin ƙamshin suna, domin honderd 'ɗari' da duizend 'dubu' ba sa bukatar een. Ainihin rikicin yana jikin abin da ake ƙirgawa:

(4) drie dagen 'kwana uku' (jam'i)
(5) drie jaar 'shekara uku' (tilo)

Mai jin Hausa ba zai yi mamakin (5) ba, amma a Holanci wasu sunayen awo ne kawai ke da wannan hali, kuma ma'ana ba ta tantance su: uur 'awa' tana zama tilo, alhali 'minti' sai an ce minuten. Girman adadi bai da ta cewa a nan, tunda drie jaar da duizend jaar duk tsarinsu guda.

Wannan bai rushe ra'ayin Corbett ba, amma ya nuna gefen da bai kalla ba, wato tasirin shi kansa sunan. Ko a Rashancin ma akwai alamar haka: čas 'awa' na ɗaukar ƙarfin furuci a gaɓar ƙarshe a dva časá, alhali sigarsa ta mallaka ta yau da kullum čása ce.