Hannun Wa Ke Cikin Takardar? Nazari a Kan Masassaƙan Zamani da Takardar Hannu

Dattawanmu da suka riƙe tsofaffin littattafan malamai sun san takardar nan mai alamar jinjirin wata uku, wadda fatake suka riƙa kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus. Da hannu ake yin irinta: a daka zaren tsumma cikin ruwa har ya zama kamar kunu, a ɗebo shi da faffaɗar rariya, a matse, a shanya. Wannan sana'a ba ta mutu ba, a yau ma masassaƙa na zuwa neman ta.

A birnin Niyok na Amurka akwai gidan yin takarda mai suna Dieu Donné, wanda aka kafa a 1976. Tsarinsu shi ne su gayyaci mai fasaha ya zo zaman baƙunta na wani lokaci, a ba shi wuri da kayan aiki, a haɗa shi da ƙwararren mai yin takarda. Haka kuma ake yi a cibiyar STPI ta ƙasar Singafo, wadda aka buɗe a 2002.

A ganina, aikin da ya fi dacewa da yabo shi ne na Do Ho Suh, mutumin Koriya ta Kudu, wanda ya yi suna wajen ɗinka siffar gidajen da ya taɓa zama a ciki da shara-sharan yadi. A Singafo sai aka samo masa dabara: ya yi ɗinkinsa a kan wata siririyar takarda mai narkewa, a shimfiɗa ta a kan ɗanyen kunun auduga, a fesa ruwa. Takardar sai ta narke, zaren ya nutse ya zauna a jikin sabuwar takarda. Wato ba a kan takarda aka yi zanen ba, tare aka haife su. Ruwan kan ɗan goce da zaren daga inda aka aje shi, shi kuwa sai ya bar shi haka. Mutumin da aikinsa duka a kan kewar gida yake, layin da ya karkace ya fi miƙaƙƙe faɗin gaskiya.

Arlene Shechet ma ta yi abin kirki a Dieu Donné, inda ta ƙera tuluna da takardar abaka, wani dangin ayaba na ƙasar Filifin, masu launin shuɗi da fari kamar tangaran. Ido ya ce nauyi, hannu ya ce a'a. Ayyukan Ursula von Rydingsvard kuwa, wadda ta saba da manyan gungumen katako, ba su kama ni haka ba. Zare da ƙyallayen da ta cusa cikin takarda suna da kyau, amma kamar hutun rabin rana ne tsakanin manyan ayyuka.

To, ga inda nake da ja. Wa ya san awa nawa za a daka zare kafin ya yi ƙarfi? Wa ya san yadda abaka ke tsukewa yana murɗewa in ya bushe? Ba baƙon ba ne. Mai yin takardar ne, wanda ya shekara da shekaru hannunsa cikin ruwa. Amma in an rataye aikin a ɗakin baje koli, sunan mutum ɗaya ne a allon bango, kuma da wannan sunan ake yanka farashi. Gidajen kan ambaci ma'aikatansu a cikin kasidu, ban musa ba, sai dai mai kallo ba kasida yake karantawa ba.

Za a ce tunanin na masassaƙi ne, kuma tunani shi ne jari. Na yarda da rabi. A aikin Suh, dabarar narkar da takarda ita ce rabin tunanin, kuma ba shi kaɗai ya samo ta ba. Malamin da zai nuna wa ɗalibansa hoton wannan aiki, ya dace ya tambaye su mutum nawa suke gani a ciki.