Furotin da ke Kwance Cikin Roba

Duk wanda ya taɓa soya ƙwai ya san furotin ba ya jure wuta: zafi na kusantar digiri 70, farin ƙwai ya daskare ke nan, ba kuma zai sake komawa ruwa ba. Ita kuwa robar PLA, wadda ake yi daga masara ko rake, sai an kai ta wajen digiri 160 zuwa 170 kafin ta narke a sarrafa ta. To yaya za a saka furotin cikin wannan tafasasshen abu ya fito da ƙarfinsa?

Furotin ɗin da ake so a nan shi ne enzayim, mai tsinka dogayen sarƙoƙin robar ta ruɓe. PLA dai ana tallanta da cewa tana ruɓewa, amma a bolar bayan gida sai ta daɗe tana nan daram, don ba ta saurin ruɓewa sai a masana'antar taki mai zafin kusan digiri 60.

Masanan kamfanin Carbios na Faransa, tare da masu bincike a Tulus, sun bayyana dabararsu a mujallar Nature a 2024. Sun ɗauko enzayim daga ƙwayar bakteriya mai son zafi, suka gyara shi har ƙarfin aikinsa ya ninka sau 80. Amma inda gwanintar take, ba su jefa shi kai tsaye cikin PLA ba. Sai da suka fara cuɗa shi da wata roba mai saurin narkewa, PCL, a digiri 70 kacal. Wannan haɗin ne aka daddatsa ƙanana, aka zuba cikin narkakkiyar PLA, ta yadda zaman enzayim cikin tsananin zafi bai yi tsawo ba, kuma ya bazu ko'ina daidai. Abin mamakin, kashi 0.02 cikin ɗari kawai ya wadatar. Yana nan kwance shiru muddin robar na bushe, sai ta shiga danshin taki ya farka, cikin mako 20 zuwa 24 ta wargaje.

A Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, Farfesa Ting Xu ta bi wata hanyar a 2021: ta naɗe enzayim cikin wani sinadarin da ke kare shi kafin a saka shi cikin roba.

Kada dai a yi saurin murna. Baƙar ledar da ke toshe magudanan Kano da Maradi polietilin ce, wata roba daban da PLA, kuma waɗannan enzayim ba sa iya cin ta.