Awon Gilashi Kafin Hawan Dutse

Wanda ya baro Kano ya nufi kudu, da ya doshi Rano zai ga ƙasa ta sauya hali. Gonakin dawa da gyaɗa su fara tsiro da duwatsu, wasu curi-curi kamar da hannu aka ɗora wani kan wani, wasu falale masu faɗi da ake shanya amfanin gona a kai. Haka suke bi har wajen Kibiya, haka kuma a Rurum kusa da dam ɗin Tiga. Rano, garin Autan Bawo, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ya daɗe zaune a tsakanin duwatsun nan. Yanzu samari kan hau su da sassafe don ɗaukar hoto, kuma a cikinsu ne na haɗu da wani mai hoto da ya nuna mini cewa zaɓen lensi sana'a ce a cikin sana'a.

Lensi shi ne idon kyamara, bututun nan mai jerin gilasai a ciki da ake murɗawa a gabanta. Akwai mai kwasar fili da faɗi, akwai mai jawo nesa kusa. Idan na biyun ana iya murza shi ya matso ko ya ja da baya, masu hoto kan ce mai zum ne. Irin wannan mutumin yake nema, amma da sharaɗi: ya zama wanda zai rataya tun daga gindin dutse har ƙololuwa, ya sauko ya wuce wurin suna ko filin ƙwallo da shi, kafaɗa ba ta sage ba. Na raka shi Sabon Gari a Kano ranar da zai saya.

Abin da ya fara yi shi ne karanta rubutun jikin bututun, kamar yadda mai sayen doki ke buɗe baki ya duba haƙora. A jikin wani an rubuta 55-250mm, a jikin wani 70-300mm. Lambobin milimita ne, kuma gwargwadon girman lamba gwargwadon yadda lensi ke ƙuntata abin da yake gani har ya cika hoto da shi. Ya yi mini lissafin a tsaye. Farantin da ke karɓar haske a cikin ƙananan kyamarorin Nikon, wanda ake kira sensa, faɗinsa wajen milimita 23 da rabi ne. Idan ka kai lensi 300 ka tsaya mita 50 daga abu, faɗin abin da zai shiga hotonka kusan mita 4 ne, wato doki ɗaya da mahayinsa da ɗan fili gaba da baya. Ka dawo da shi 70, daga nan inda kake tsaye sai ka kwashe wajen mita 17, ayarin dawaki ke nan. Kafin ya taya, ya riga ya san inda dogarai ke tsayar da jama'a ran hawan Sallah a Rano, ya san tazarar da ke tsakaninsu da dawakai, ya san iyakar matsowar da hasbiya ke yarda da ita kafin ta tashi. Daga wannan sanin lambar da zai saya ta fito.

Ƙaramar sensa ma tana da nata alherin. Tana yanke gefen abin da lensi ya gani, sai ya zama kamar lensin ya ƙara tsawo. A Nikon ana ninkawa da 1.5, a Canon da 1.6, don haka 250 a kan ƙaramar Canon yana ganin abin da 400 zai gani a kan babbar kyamara.

Sai lamba ta biyu, wadda ake rubutawa da harafin f, kuma a cikinta nauyi yake ɓuya. Tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga, amma a juye take: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ana samun faɗin ƙofar ne idan aka raba tsawon lensi da wannan lamba. Lensi 300 mai f/2.8 dole ƙofarsa ta kai milimita 107, alhali mai f/5.6 milimita 54 sun ishe shi. Gilashi kuwa idan faɗinsa ya ninka biyu, fuskarsa ta ninka huɗu, kaurinsa ya ƙaru, ƙarfen da ke riƙe shi ya ƙaru, ɗan injin da ke tura shi gaba da baya shi ma ya ƙaru. Shi ya sa farin lensin nan na Canon, 70-200mm f/2.8, wanda ake gani a hannun 'yan jarida da masu hoton manyan bukukuwa, yake kusan kilo ɗaya da rabi. Mutumin ya auna mini shi da abin da kowa ya sani: ledar fiya wata rabin kilo ce, to wannan leda uku ne rataye a wuya, ban da ita kyamarar. Canon 55-250mm mai alamar STM giram 375 ne, bai kai leda ɗaya ba. Na Nikon, 70-300mm AF-P DX mai VR, giram 415.

Na tambaye shi, to me mutum ke sayarwa idan ya ɗauki mara nauyin? Ya ce, "Haske, Malam. Amma mu haske ne ya yi mana kaɗan?" Daga f/2.8 zuwa f/5.6 hasken da ke shiga ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A ƙasar da gajimare ke rufe sama rabin shekara wannan asara ce babba. A kan falalen dutse a Kibiya da hantsi, lamarin daban ne. Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida cewa a tsakiyar rana, idan ƙarfin jin hasken kyamara, wato ISO, yana kan 100, ƙofa f/16 da ƙiftawar kyamara, wato buɗewa da rufewarta, ta ɗaya bisa 100 na daƙiƙa sun wadatar. Ka buɗe ƙofar zuwa f/8, ƙiftawa ta koma ɗaya bisa 400. Ka kai ta f/5.6, ta koma ɗaya bisa 800. Abin da babban gilashi ke sayo wa mutum da kuɗi da ciwon wuya, ranar ƙasar Hausa tana ba shi kyauta. Bai ɓoye mini iyakar abin ba: da an yi magariba, ko aka shiga zauren biki mai ƙwai biyu, farin lensin ne sarki. Shi dai ya san aikinsa na rana ne, ya sayi na rana. Wannan ne ya fi burge ni a duk cinikin, mutum ya san abin da ba ya bukata.

Daga nan ya nemi haruffa biyu a jikin bututun. Canon na rubuta IS, Nikon na rubuta VR, ma'anarsu guda: a cikin lensin akwai gilashi ɗaya da ke shawagi, wasu 'yan na'urori suna jin rawar hannunka suna kaɗa shi ya rama. Canon ta fara sa wannan a lensin irin waɗannan kyamarori a 1995, a wani 75-300mm. Dogon lensi yana jawo rawar hannu kamar yadda yake jawo tsuntsu, kuma wanda ya hau dutse yana haki hannunsa ba ya tsayawa. Ƙa'ida ita ce ƙiftawa kada ta gaza tsawon lensi sauri, wato mai ganin 400 yana son ɗaya bisa 400 ko fiye. Na'urar kashe rawa tana iya sassauta wannan har wajen ɗaya bisa 60. Amma hannunka kaɗai take tsayarwa. Dokin da ke sukuwa ba ruwansa da ita, shi sai ɗaya bisa 1000. Ya kuma nuna mini tarko biyu da ke kama mai gaggawa. Nikon ta yi wannan 70-300mm iri biyu masu kama da juna, ɗaya da VR ɗaya babu. Canon kuma tana da wani 75-300mm mai araha, yana ko'ina a kasuwa, ba shi da IS. Mai ƙyuyar karatu girman lamba kawai yake gani.

Sai dacewar baki. Ba kowane lensi ne ke aure da kowace kyamara ba, ko da kamfaninsu ɗaya. Lensin Canon mai alamar EF-S ba ya hawa manyan kyamarori irin 5D da 6D. Na Nikon mai AF-P zai hau tsohuwar D90 ko D3100 lafiya lau, amma ba zai iya saita hoto ba. Saboda haka kyamararsa na cikin jaka, bai yarda da gwaji a kan ta mai shago ba.

Lensin da ya zaɓa, 55-250mm ɗin Canon, na hannu ne, kamar yawancin abin da ake saye, kuma a nan na ga haƙuri. Ya cire murfin gaba da na baya, ya kunna fitilar wayarsa ta ƙasa, ya leƙa ta sama yana karkata bututun a hankali. Ƙura 'yar kaɗan ba ta dame shi ba, ba ta fitowa a hoto. Abin da yake farauta shi ne fumfuna, wadda ke yaɗo a jikin gilashi kamar saƙar gizo-gizo idan lensi ya kwana cikin laima, da wani farin hazo-hazo da ke kashe kaifin hoto. Ya murza zumin daga farko zuwa ƙarshe yana sauraro da yatsunsa, ko akwai inda yake cijewa ko yake ƙaras-ƙaras na yashi. Ya kifa shi ƙasa ya ga ko hancin zai zazzago da kansa. Ya ɗaura shi, ya saita a kan wani allo can tsallaken titi, ya dawo kan abin da ke kan teburi, ya sake komawa, sau goma ko fiye, yana jin ko injin zai yi inda-inda. A ƙarshe ya tsaya daidai gaban bangon bulo, ya ɗauka a 250 da ƙofa a buɗe, ya faɗaɗa hoton a bayan kyamara ya duba kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Idan dama ta fito tar hagu ta yi dishi-dishi, lensin ya taɓa faɗuwa, wani gilashi ya goce. Duk wannan ya ci kusan awa guda. A gabanmu wani ya zo ya ɗaga lensi ya ji nauyinsa, ya ce wannan babba ne, ya biya ya tafi.

Gwajin gaskiya a kan dutse aka yi shi, da asuba bayan salla, cikin hunturu. Lensin na ɗaure a kyamara tun daga gida, domin ba ya sauya lensi a sarari idan iskar hunturu na kaɗawa. Zumin irin wannan yana miƙewa yana komawa kamar zugazugin maƙeri, yana shaƙar iska da ƙurarta, don haka ba ya murza shi don wasa. A aljihunsa akwai 'yar robar hura iska da ƙyalle mai laushi, kuma hurawa ce farko kafin shafa, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta zana gilashi. A bakin lensin akwai hularsa, wadda ke tare hasken gefe, ta kuma karɓi bugun dutse idan ƙafa ta zame. Da damina, in ji shi, jaka ba ta rabuwa da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Hannu ɗaya yake hawa da shi, ɗayan dafe da kyamara a ƙirji. Da muka kai sama bai ɗaga ta ba sai da numfashinsa ya dawo. Sa'an nan ya raba ƙafafu, ya tallafi lensin da tafin hagu daga ƙasa, ya manne gwiwar hannu biyu a haƙarƙari, ya danna kyamara a goshi, ya saki rabin numfashi, ya taɓa maɓalli kamar mai tsoron tada barci. Inda ya samu dutse ya jingina, inda ya samu falale ya kwanta ruf da ciki ya ɗora lensin kan jaka. Ya rage ƙofa zuwa f/8, inda irin waɗannan lensin suka fi kaifi. Yana kuma sauri da lokaci, domin da rana ta ɗaga dutse zai ɗau zafi, iskar da ke kansa ta riƙa rawa, duk abin da ke nesa ya fito kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, kuma babu lensin da ke maganin wannan komai tsadarsa.

Wani abu da na lura da shi bai shafi gilashi ba. Daga saman dutse ana hango tsakar gidajen mutane, mata na daka, ana shanya, ana wanka wa yara. Lensi mai ganin 400 zai iya tsallake katangar da maigida ya gina don sutura. Duk sanda ya juyo wajen gari, hancin lensin sama da rufin gidaje yake bi, ya tsaya kan hasumiyar masallaci ko layin kuka da ɗorawa. A kasuwa ma, ya ce, sai ya yi sallama ya nemi izini, ko da daga nesa zai ɗauka.

Can wata shirwa ta taso daga ƙasa tana hawa iska. Ya dawo da zumin 100 don ya same ta a faɗin sama, ya kama ta, ya bi ta yana murzawa a hankali har 250, ya juya da ƙugunsa ba da hannu ba, ya danna sau uku. Ya miƙo mini bayan kyamarar. A hoto na biyu ana iya ƙirga gashin bakin fiffikenta, a bayanta kuma duwatsun wajen Kibiya sun jeru kusa da kusa cikin hazo, kowane layi ya fi na gabansa fari.