Gwarzo Mai Keta Zamani a Kan Allon Wasa

A shekarar 1895 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da The Time Machine, labarin wani mutum da ya ƙera na'urar da ke kai shi zamanin da bai zo ba. Bayan shekara 18, a 1913, ya sake fitar da Little Wars. Wannan karon ba labari ba ne, dokoki ne na yadda manya za su jera 'yan sojojin dalma a tsakar ɗaki su gwabza yaƙi. Wells bai haɗa ayyukan biyu ba. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka gwada haɗawa, kuma har yau suna fama, domin labari da wasa ba su ɗauki lokaci iri ɗaya ba.

Matasan Nguru da Gashua da Dapchi sun san jarumai masu keta zamani, ko da ba su taɓa riƙe mujallar labarin zane ba. Sun same su a fina-finan da ake tura musu a waya. Wanda ya kalli Avengers: Endgame na 2019 ya ga yadda aka koma baya don gyara ɓarnar da ta riga ta auku. Asalin irin wannan a mujallu yake. Stan Lee da Jack Kirby sun fito da Kang a 1964, azzalumin da ke tasowa daga ƙarnonin gaba yana cin zamani da yaƙi kamar yadda ake cin gari. A 1986 Dan Jurgens ya ƙirƙiro Booster Gold, wanda ya saci kayan aiki a gidan tarihi na ƙarni na 25 ya gudo zamaninmu neman suna. Cable kuwa ya bayyana a 1990, soja ne da ya dawo daga mummunar gobe don ya hana ta zuwa. Ƙarfinsu duka ɗaya ne: abin da ya faru bai zama dole ya tabbata ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya ana dara ya san cewa daɗinta yana cikin rashin komawa baya. Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'yansa 12. In abokin karawarka ya jera uku ya ɗauke maka ɗa, ya ɗauku ke nan. Da za a ba wani ikon ya ce a mayar da wasa inda yake ɗazu, da ba wanda zai sake zama da shi. Marubucin labari yana da ikon rushe abin da ya gina, domin shi kaɗai ke riƙe da alƙalami. A wasa kuwa mutum biyu ne, kuma kowanne yana da haƙƙin abin da ya ci da dabararsa.

Dubi yadda masu ƙera wasannin suka yi da matsalar. Kamfanin WizKids ya fito da HeroClix a 2002. Kowane ɗan mutum-mutumi yana tsaye a kan faifai mai lambobin gudu da hari da kariya da ɓarna, in an yi masa rauni sai a murɗa faifan, lambobin su sauya. Kowane gwarzo yana da farashinsa na maki, kuma an fi haɗa runduna a kan maki 300, saboda haka mai ƙarfi da tsadarsa yake zuwa. Cikin baiwar da ke wasan akwai wadda ke ba ka damar sa a sake jefa 'ya'yan lido idan abin da ya fito bai yi maka ba. Iyakar abin da allo zai iya jurewa na komawa baya ke nan: jifa ɗaya, ba tarihi duka ba. A Marvel: Crisis Protocol, wanda Atomic Mass Games ya fitar a 2019, akwai Cable, amma ba ya komawa baya; cikin abin da aka bar masa akwai bindigarsa da ikon ɓacewa nan ya ɓullo can kusa. An rage masa zamani, an ba shi wuri.

A ganina wannan ragi daidai ne, sai dai yana da asara. Ɗan wasa yana samun adalci, amma gwarzon ya tashi daga mai keta zamani ya koma mai sa'a kawai. Abin da ke taɓa zuciya a labarin Cable, wato nauyin sanin masifar da saura ba su sani ba, ba ya shiga cikin faifai.

Mu kuwa namu labaran ba su da wannan matsalar tun asali, kuma abin da na fi so a lura da shi ke nan. Mutanenmu ba sa komawa baya su gyara jiya, domin mun yi imani bakin alƙalami ya bushe. Gaba suke faɗawa. Kowane ɗan makarantar allo ya san ƙissar Ashabul Kahfi, waɗanda suka yi barcin shekara 309 suka farka cikin duniyar da ba tasu ba. Wannan ƙissa ta fi ƙarfin a sa ta a wasa, kuma ba mai hankalin da zai gwada, amma ita ta koya wa tunaninmu siffar abin. A adabi ga Gandoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. Barde ne da ya yaƙi Turawa, ya yi gabas har ƙasashen aljannu, ya dawo ya tarar ƙasa ta sauya hannu. Takobinsa na nan, zamaninsa ne ya tafi. Irin wannan gwarzo ya fi Kang sauƙin zama a allo nesa ba kusa ba, domin ƙarfinsa da rauninsa a jikinsa suke, ba sai an ƙirƙira masa takunkumi ba.

Kuma jihar Yobe ba ta rasa zamunnan da za a gwama. A 1987 aka gano kwalekwalen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune, wanda masana suka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. Ga kufan Birnin Ngazargamu a wajen Geidam, hedkwatar daular Borno har zuwa faɗuwarta a 1808, inda Mai Idris Alooma ya yi mulki a ƙarni na 16 da dawakai da 'yan bindiga. Ga ganuwar Gogaram ta Badawa. Ga layin dogo da ya taso daga Kano ya tuƙe a Nguru wajen 1930. A ɗauki barde mai lifidi daga Ngazargamu, marar suna, a jefo shi tashar jirgin Nguru ranar lodin gyaɗa. Dokarsa a allon dara a fili take. Ba ya cikin 'ya'yan da ake kasawa da farko, sai wasa ya yi nisa yake shigowa, a gurbin da mai shi ya ɓoye tun farko. Yana tafiya gurbi biyu inda kowa ke yin ɗaya. Amma dokinsa ba ya tsallake layin dogo sai da ɗan zamani a gefensa, kuɗinsa kuma ba sa sayen komai a kasuwa. Mai kwalekwalen Dufuna shi ne sarki a ruwa, a tudu kuwa kowa na iya cin sa. Babu jifan da aka soke, babu ɗan da aka mayar, amma duk wanda ya riƙe barden nan zai ji baƙuncinsa.

Akwai abubuwa biyu da mai son yin wannan a Dapchi ba zai kau da kai daga gare su ba. Na farko 'ya'yan lido. Malamai da dama suna ƙyamar wasan da ke rataye a kan jifa saboda kusancinsa da caca da hadisin da ya yi hani da nardi, wasan da ake yi da jifa, kuma iyaye suna jin maganarsu. Dara ba ta da jifa, dabara ce zalla, don haka ginawa a kanta ya fi kwaikwayon HeroClix. Na biyu siffa. Yaran bakin kogin Yobe sun daɗe suna gina shanu da dawaki na laka, ba wanda ya ɗauke su gumaka, amma ga manya ya fi dacewa a tsaya a alama: kara mai jan ƙyalle ya zama barde, ɓawon gyaɗa ya zama kwalekwale. Ina kuma ganin kada cin wasa ya zama yawan waɗanda aka kashe. Yankin nan ya ga abin da ya gani na zubar da jini. Ko a Crisis Protocol maki 16 ake nema, kuma ana tara su ne ta riƙe wurare da kwaso abin da ake ceto, ba ta kisa ba.

Ba abin da ya gagara ba ne a ƙasar nan. Kamfanin NIBCARD Games na Abuja, wanda Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, yana ƙera wasannin allo na gida, har ya ci kyautar Diana Jones a 2021. Ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gashua da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman su je wurin dattawan dara, su rubuta dokoki a takarda ɗaya, su bari tsofaffin su buga su fito musu da kurakurai. Dokar da ta tsira daga hannun ɗan dara na Gashua ta isa a kai ta Abuja.